Rasuwar Dainamon Keke a Hannun Malamin Kimiyya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, tsohon mai rarraba burodi na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar dainamon kekensa. Ya rasu a kan teburin aji, a hannun da bai san darajarsa ba.

Marigayin bai taɓa roƙon batir ba, bai taɓa shan mai ba. A jingina kansa da taya, a taka feda, sai ya ce zuuu, fitila ta kama. In an hau tudu ya yi ƙasa da murya, in an gangara ya yi wiii, hasken ya kai bakin kwalbati. Da shi aka kai burodi kowace asuba har aka aurar da 'ya'ya. Da shi aka riƙa kai jikar gidan makaranta a kan kariyar bayan keken, tana gaya wa duk wanda ta gani cewa kakanta da ƙafa yake yin wuta.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da jikar ta ce malaminsu na neman abin da zai nuna wa yara yadda motsi ke haifar da lantarki. Mai shi ya kwance marigayin da hannunsa, ya goge shi, ya ba ta. Ya sa aka wanke masa riga ma, don a zatonsa za a kira shi ya taka feda a gaban aji. Ba wanda ya kira shi.

Malamin, wanda dainamon ya girme shi, ya sa sukudireba ya farke cikinsa. Ya ciro maganaɗisu, ya warware wayar tagulla, ya nuna cewa in maganaɗisu ya juya a tsakiyar naɗaɗɗiyar waya, wuta za ta bi wayar. Yara suka tafa masa. Mai shi ya zauna da marigayin tun gashinsa na baƙi, bai taɓa leƙa cikinsa ba saboda kunya da girmamawa. Wani ya zo da safiya ɗaya ya san shi ciki da waje.

Tun ranar babu zance a gidan sai na malam. Jikar ta naɗa guntun wayar a jikin ƙusa, ta haɗa da batir, ƙusar ta tsinto wa kakarta allurar da ta ɓace a ƙarƙashin gado. Ita ma tsohuwar, da ba ta taɓa yabon fitilar keken ba, sai ga ta tana sa wa malamin albarka. Mai shi ya ji, ya ƙi cin abinci.

Marigayin ya bar keke ɗaya makaho, da ƙwan fitila maraya, da zanen da kansa ya bari a gefen taya. Ya bar tsoho guda da yanzu ake ce masa ai ba ƙafarsa ce ke yin wutar ba.

An sa jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan rumfar keke. Za a karɓi gaisuwa daga kowa, ban da malamin.

Sai dai jikar ta ɗauke gawar, ta baje ta a kan tabarma, tana mayar da wayar zagaye bayan zagaye, wai za ta tashe shi. Ta ce in ta gama, hannu ba zai iya juya shi yadda ya kamata ba, sai an sami mai ƙafa, kuma ba malamin ta tambaya ba, kakanta ta tambaya. Saboda haka masu zuwa kada su yi gaggawar ɗauko shebur. Mai shi dai ya zuba wa sarƙar keken mai, ya kuma ƙara wa tayar baya iska.