Beryl Ta Rasu a Bakin Teku Tana da Shekara Talatin da Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tunda da haka aka saba buɗe irin wannan takarda, ni Glenys Tregenza ta garin Murray Bridge nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dukkan 'yan Ƙungiyar Masu Jif ta Bakin Kogi, rasuwar motata Beryl. Ta rasu ranar Asabar ɗin da ta gabata, da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma, a bakin teku tsakanin Robe da Beachport, bayan gajeriyar jinya ta awa ɗaya da 'yan mintoci.

Baƙin cikin da na ambata har yanzu bai iso ba. Ina cin abinci, ina barci, jiya ma labule na wanke. Sakataren ƙungiya ne ya ce in rubuta wani abu a sa a takardar wata-wata, shi ne na zauna.

Marigayiya ta shigo gidanmu a shekarar 1997, tana 'yar shekara uku, fara sol. Mijina Col ne ya kawo ta daga hannun wani manomin alkama, ya sa mata sunan gwaggonsa, wai ita ma ba ta sauri amma ba ta taɓa fasa zuwa inda ta nufa ba. Duk wanda ya zauna da Beryl zai shaide ta da haƙuri. A kan tudu manyan motocin kaya ma wuce ta suke yi, ko a jikinta. Da safe sai ta yi tari sau biyu kafin ta kama, sannan ta shiga gurnaninta, gur-gur-gur, har maƙwabta sun daina sa agogo. Ƙofarta ta baya ba ta rufuwa sai an haɗa mata da gwiwa. Ita ta kai 'yarmu Kerryn coci ranar aurenta da motar amarya ta ƙi zuwa, da sandunan kamun kifi ɗaure a samanta. Ita ce kuma ta yi ta jigilar Col zuwa asibiti a Adelaide har wata tara, ni a sitiyari, shi a gefe yana ce mini na yi saurin canza giya.

A kan kwalta kaɗai nake tuƙa ta. Yashi na Col ne. Shekara ashirin da shida muna bin ƙungiyar nan, aikina in riƙe taswira in miƙa shayi.

Col ya rasu a watan Janairun bara. Wata goma sha huɗu Beryl ta yi a gareji, ina tayar da ita duk Lahadi ta yi minti goma, don haka ya ce in riƙa yi. Da ta ƙare rayuwarta a can, ba don ƙawata Raelene Schubert ba. Ciwo ya kashe wa Raelene ƙafafu shekara tara da suka wuce, a keken guragu take, amma ba ta taɓa fashin tafiyar ƙungiya ba. Mijinta Nev ya yi shekara biyu yana haɗa mata kujera mai ɗagawa a jif ɗinsu da hannunsa. Ta kira ni ya fi sau goma a kan tafiyar da ƙungiya ta shirya bakin teku a ƙarshen makon da ya wuce.

"Ke Glenys," in ji ta, "ni da ba ni da ƙafa zan je. Ke mai ƙafa biyu da taya huɗu, mene ne uzurinki?"

Na ce mata zan je.

Mota takwas muka tashi ranar Juma'a, muka kafa tantuna a bayan tuddan yashi kafin rana ta faɗi. Nawa ya ɗauke ni kusan awa guda, mazan duk suka juya baya suna duba injin da lafiyarsa lau. Da safiyar Asabar jagoran tafiyar, Stav Kapetas, ya zo ya tsuguna ya rage wa Beryl iskar taya da kansa.

"Tsohuwa, abu uku ne," ya ce. "Kada ki taka birki da ƙarfi, kada ki tsaya a yashi mai laushi, kada ki kusanci ruwa. Ki bi sawun na gabanki, shi ke nan."

"Huɗu ka faɗa."

"To kin ga kina ji. Col sai da ya yi shekara biyar kafin ya fara jin maganata."

A rubuta wannan a tarihin marigayiya: safiyarta ta ƙarshe ta yi kyau. Babban tudun nan da kowa ke tsoro, a gwaji na biyu ta haye shi, 'yan ƙungiya suka yi ta danna mana oda daga sama. Muka ci abincin rana a gaban ruwa. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji rashin daɗi ba.

A dawowa ne ciwon ajali ya same ta. Iska ta juya, teku ya ciko fiye da yadda takardar lokutan cikar teku ta nuna, ya cinye rabin hanyar da muka bi da safe. Akwai wani wuri matsattse, dutse a dama, ruwa a hagu. Mota shida suka wuce, na bi su, Nev da Raelene ne na ƙarshe a bayana. Da na ɗaga ido na duba madubi, sai na ga jif ɗinsu ta zame ta karkata wajen ruwa. Muryar Nev ta fito a oba-oba, a hankali kamar mai tambayar lokaci.

"Stav, mun zauna fa. Ruwa na dukan ƙofar Rae."

Gefen Raelene ne a ƙasa, ƙofar ba za ta buɗu ba. Nev kuwa shekararsa saba'in da biyu, ga ciwon baya, ba zai iya ciro ta ta ɗaya ƙofar shi kaɗai ba. Na gaba sun yi nisa, kafin su sami wurin juyawa su dawo sai an yi minti goma.

"Kowa ya tsaya inda yake, ga ni nan," in ji Stav. "Glenys, kina ji na? Kada ki sauka. Na ce kada ki sauka."

Sai ga muryar Raelene: "Ki ji maganarsa, ke. Ni lafiyata ƙalau. Nev ya ce ƙafafuna sun jiƙe, ni ko ji ban yi ba."

Ba zan ce na yi tunani ba. Na sa giyar baya na gangara. Igiyar ja tana bayan kujera, a naɗe yadda Col ya bar ta. Ruwan ya kai mini gwiwa, sanyinsa kamar an sare ni da wuƙa. Nev ya maƙala nasa gefen, na maƙala nawa, na koma sitiyari. Ja na farko, ko motsi. Na biyu, ta ɗan girgiza. A na uku Beryl ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba a shekara ashirin da takwas, jif ɗin Nev ta miƙe ta fito. Ya cire igiya ya haye busasshen yashi da matarsa. Ni kuma na taka totur, sai tayoyin bayan Beryl suka haƙa. Igiyar ruwa ta shigo ta ƙarƙashinmu, ta koma da yashin da muke tsaye a kai. Beryl ta zauna har ciki.

An yi iya ƙoƙari, ina so kowa ya san wannan. Mutum goma sha uku da shebur, da farantai, da hannu. Stav ya ɗaura mata wayar ƙarfen da ke gaban motarsa, wata motar ta riƙe tasa ta baya. Duk ramin da aka haƙa, ruwa ɗaya ke mayar da shi. Injinta bai mutu ba sai da ruwa ya kai fitilu, ta yi tari ta yi shiru. Stav ya tako wurina, wandonsa a jiƙe har ƙugu, hularsa a hannu.

"Glenys, zan cire waya. In ba haka ba tawa ma za ta bi ta."

"Cire."

"Kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Cire."

Ya ce in shiga sau ɗaya in ɗauko abin da zan iya. Rigar sanyin Col tana rataye a bayan kujera. Tabaransa yana aljihun ƙofa. Littafin da yake rubuta kowace tafiya tun ranar da ya kawo ta yana akwatin gaba. Duk na gan su, na san inda kowanne yake. Na fito da ledar albasa. An tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba.

Na hau kan tudun yashi na zauna. Maza biyu suka ɗauko Raelene da kekenta suka ajiye ta kusa da ni. Muna kallo ruwa ya hau kan bonet. Can sai waifa ta tashi da kanta, tana share gilashin da ruwa ya riga ya rufe, sannan oda ta kama, piiii, ta daɗe tana yi, ta sirance, ta ɗauke. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Raelene tana ta kuka, majina har haɓa. Ta kama hannun rigata.

"Ki zage ni mana. Ki ce wani abu."

"Me zan ce?"

"Ki ce ni na jawo."

"Ke kika jawo."

Ta fashe da dariya cikin kukan, har ta sarƙe. Na bubbuga mata baya. Na jira in ji ko nawa kukan zai zo, bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai, takalmina ƙafa ɗaya babu.

Da muka koma sansani kafin rana ta faɗi, aka soya albasar aka ci da nama da burodi, don ba wanda ya tuna ya zo da wata. Nev bai iya kallona ba. Sai da zan shiga tanti ya zo ya tsaya yana juya makullinsa a hannu.

"'Yar uwa, ki ɗauki tamu. Da gaske nake."

"Kujerar Rae fa, a kaina zan ɗora ta? Je ka zauna, Nev."

Da safe ruwa ya janye, muka je muka gan ta. Tana kwance a gefenta, yashi har tagogi, gilashin gaba babu. Ranar Litinin katafila ta zo ta ciro ta. Ba a ga rigar ba, ba a ga littafin ba.

Marigayiya ta bar ni. Ta bar Kerryn da ke Darwin, wadda ta yi ta kuka a waya, da jikoki biyu da suka koyi riƙe sitiyari a cinyar kakansu. Ta bar tayar safaya guda ɗaya, da teku ya tofo can gaba da inda abin ya faru, da makulli biyu, da tabon baƙin mai a garejina. Ta bar jif ɗin su Nev, wadda ke cikin ƙoshin lafiya in ban da warin ruwan gishiri. Duk wanda ta taɓa buɗa wa hayaƙi a kan hanya, ko ta tsare shi a bayanta a kan tudu, don Allah ya yafe mata.

Ba na so a ga laifin kowa. Stav ya ce kada in sauka, har sau biyu, mota bakwai sun ji. Nev bai yi komai ba face bin sawun da kowa ya bi. Ina kuma roƙon masu kirana suna cewa da Col yana nan da ya yi alfahari da ni, su bari haka. Na zauna da mutumin nan shekara talatin da tara. Abin da zai fara tambayata shi ne ko na ƙara rage iskar taya kafin in gangara jiƙaƙƙen yashi. Ban rage ba. Minti biyu ne aikin. Sai ranar Talata na tuna, ina wanke kwanuka, na gama wankin na kife su.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a filin 'yan gwangwan da ke bayan garin Millicent. Mai wurin mutumin kirki ne, ya yi alkawarin ba zai sa ta a injin matsewa ba sai mun iso, ya kuma yarda a kwance lambarta a ba ni. Kada a kawo furanni. A sa takalmi rufaffe, wurin akwai ƙusoshi. Mai son yin jawabi kada ya wuce minti biyu, har da Stav. Bayan an gama Raelene za ta raba shayi da kek a bayan motarsu, kowa ya zo da kofinsa.

Daga Murray Bridge tafiyar awa uku da rabi ce, ni kuma ba ni da abin hawa. Duk wanda hanyarsa ta biyo ta layinmu, zan tsaya a bakin ƙofa da ƙarfe bakwai. Ba ni da kaya, kuma ba na surutu a hanya.