Katin Shaidar Farfesa Zum

Duk faɗin unguwar Mafoni babu wanda ya san hoto kamar Malam Mahfuz. Ba jita-jita ba ce, shi da bakinsa ya tabbatar mana. Tun ranar da ya dawo daga Kano da wata jibgegiyar kyamara mai dogon hanci ya hana a kira shi mai hoto. Mu kuma muka sa masa Farfesa Zum, don ko gaisawa za ku yi sai ya murɗa hancin nan ya zuƙo ka tukuna.

"Kafin in zaɓe ta sai da na ɗaga kowace kyamara a kantin," in ji shi. "Wadda ta fi nauyi ita ta fi ilimi."

Tun daga lokacin wuyansa ya karkace. Ya ce tsayuwar ƙwararru ce.

Amma ainihin baiwarsa a kwamfuta take. Tsohuwa ta shiga shagonsa, a takarda ta fito budurwa. Wani dattijo ya karɓi hotonsa ya tarar an share masa zanen fuskarsa na gado kaf, wai ƙarce ne. In Farfesa ya gama gyara, sai ya goge na asalin nan take. "Ɗanyen hoto kamar ɗanyen nama ne," yakan ce, "mai hankali ba ya ajiye shi."

Shekarun nan kuwa ko tsallaka titi za ka yi a Maiduguri sai da katin shaida. Farfesa ya buga wa kansa na Ƙungiyar Ƙwararrun Masu Hoto, wadda shi ne shugabanta, shi ne kuma mabiyanta. A hoton katin ya cike sanƙonsa da suma, ya zabge kumatu, ya miƙe wuya, ya ƙara hasken da ko kakansa bai gada ba.

Sai ga Alhaji Ba'ana na Gomari zai aurar da ɗansa, ya kira Farfesa. Manyan gari duk za su hallara. Farfesa ya hana unguwa sakat: daga wannan ɗaurin aure, ya yi sallama da hoton talaka.

Ranar, 'yan gora masu tsaron unguwa suka tsayar da keken da ya ɗauko shi a shingen shiga Gomari. Shugabansu Ajimi ya karɓi katin. Ya dubi kati, ya dubi Farfesa, ya sake duban kati, sannan ya gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, Baba. Ɗanka ne wannan?"

"Ni ne! Kai, ka san da wa kake magana?"

"Abin da muke so mu sani ke nan. Sauko."

Farfesa ya sauko. Ya shanye kumatu, ya haɗiye tumbi, ya riƙe numfashi don ya yi kama da kansa, har idanunsa suka firfito. Ajimi ya jira cikin haƙuri. Da numfashin ya ƙwace, komai ya koma mazauninsa.

"To nuna mana na asalin a cikin na'urar taka."

Ina! Ɗanyen nama an daɗe da zubarwa. Aka zaunar da shi a kan buhun yashi, kyamara a cinya, yana kallon motocin 'yan ɗaurin aure suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi sai da ya ba ni tausayi, kaɗan. Har maroƙi ya fara shelar an ɗaura daga nesa, sannan ya sauke kai ya kira matarsa Lauratu ta zo ta yi shaida.

Ta iso a keke, aka miƙa mata katin. Ta daɗe tana kallo, har da ɗan murmushi.

"Hajiya, kin san shi?"

"Wancan na kan buhu dai nawa ne, ku sakar mini shi," ta ce, tana cusa katin a jakarta. "Wannan kuwa ban taɓa ganinsa ba. Da na gan shi, ai da shi na aura."