Turaren Wuta a Bakin Tiyo

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar gidanmu ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwa ba za su bar ni ba. Har gobe in na je sayen gawayi, mai gawayin sai ya gyara hula ya ce, "Hajiya, na girki ne ko na tada gari?" (Ban je Makka ba tukuna, Allah ya nufa, amma shi kowace mace Hajiya ce a wurinsa.)

Shekaru muka yi a gidajen kamfani a nan Arlit, inda kuran, wato wutar lantarki, kyauta ne, kilim mai sanyaya ɗaki yana aiki dare da rana, har bargo muke rufa a tsakiyar bazara don shagwaɓa. Maigidana, Baban Nana, aikinsa a ramin ma'adini shi ne kai wa mahaƙa iska can ƙarƙashin ƙasa. Da aikin ya zo ƙarshe aka ce mu mayar da makulli, sai ya sayi fili a gefen gari, ya ce da hannunsa zai gina, kuma kilim ba zai shiga gidan ba. Ya ce wanda ya yi rabin rayuwarsa yana kora iska a rami, abin kunya ne a ce ya kasa kora ta a ɗakin matarsa.

Ya kuwa gina. Bangon tubali ne mai kauri, har ƴarmu Nana takan miƙe a bakin taga ta yi barcinta. Rufin ba kwano ba itace, kumbura shi aka yi kamar tulluwar masallaci, da wata ƙaramar kafa a tsakar ka inda iska mai zafi ke fita. Mun tare a ƙarshen sanyi, na ga abin mamaki: bangon ya sha rana da yini, in gari ya yi sanyi ya riƙa sako mana ɗumin a hankali, ko garwashi ban taɓa shigarwa ɗaki ba. Amma abin da ya fi ji da shi tiyo ne. Ya haƙa dogon rami mai zurfin da ya shanye tsayin mutum, ya shimfiɗa wani ƙaton tiyo ya binne. Bakinsa yana can ƙuryar gida ta arewa inda inuwa take, an rufe shi da raga. Wani ɗan bantilatar, wato fanka, mai aiki da faifan hasken rana yana zuƙo iskar waje, ta ratsa sanyin ƙasa, ta ɓullo ta wasu kafofi a gindin bangon salo, wato falo, da na ɗakuna.

Irin dariyar da aka yi masa kuwa, Allah kaɗai ya sani. Wasu su ce rumbu ya gina, wasu su ce gidan gara. Tsohon shugabansa a rami, wani dattijon Ba'abzine da ake kira Shef Agali, duk sanda ya biyo sai ya leƙa ramin ya girgiza rawani ya ce, "Kai, bazara ya zo, za ka kawo mani kanka in raka ka sayen kilim." Baban Nana ba ya tanka wa kowa. Ni ce nake ganin yadda abin ke cinsa, don in an tafi yakan zauna a bakin tiyon ya kara tafin hannu a raga, shiru, kamar mai jin numfashin jariri. Shi ya sa ya ƙi yin walima lokacin da muka tare. Ya ce sai zafi ya kai maƙura, lokacin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa da rana, sannan zai tara su a salo ya ga mai sauran magana.

Yayarsa, Yaya Hajo, ta taso tun daga Damagaram don walimar. Tana shiga ta zauna kusa da kafar iskar, ta lumshe ido, na ce to yabo zai fito. Sai ta shaƙa ta yamutsa fuska.

"Amarya," (ƴaƴana huɗu, amma har yau amarya nake a bakinta) "sanyi kam akwai, ba ƙarya. Amma ba ki jin iskar nan da warin rijiya? Haka za a tara manyan mutane suna shaƙar ƙasa?"

Gaskiyarta ne, akwai ɗan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda ni daɗi ma yake mini. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Ina son ranar nan ta yi wa bawan Allahn nan kyau ta kowane gefe, kada a samu ko ɗan abin da za a riƙe a fita da shi.

Ranar walima, bayan azahar, salo ya cika maƙil da maza: liman, maƙwabta, da tsofaffin abokan aikinsa na rami. Mata muna tsakar gida ƙarƙashin rumfa, muna fama da tukwane. Ina da wani turaren wuta da wata ƙawata Babarbariya ta haɗa mini, irin wanda ake ɓoyewa a ƙasan akwati, na ajiye shi musamman don ranar. To amma yaya zan kutsa cikin maza da kasko a hannu, liman yana zaune? A nan ne karatuna ya motsa. (Na yi kolej, kuma a darasin fizik ban taɓa zama a bencin baya ba. Wannan ne ya kai ni ya baro.) Na ce a raina, ai iska ba ta da zaɓi, abin da ta tarar a ƙofa shi take ɗauka. In na turara bakin tiyo, na turara gidan gaba ɗaya, ba tare da na taka salo ba. Wallahi har sai da na yi murmushi ni kaɗai, ina mamakin yadda Baban Nana da duk iliminsa bai taɓa tunanin haka ba.

Na cika kasko da garwashi, na lallaɓa ƙuryar arewa. Na zuba turare cokali guda, na ga hayaƙin yana karkata yana shigewa raga kamar an kira shi. Daɗi ya kama ni. Na tuna yawan mutanen da ke ciki da tsawon tiyon, na ƙara. Na tuna fuskar Yaya Hajo, na juye kwalbar duka. Sai na lura iskar waje tana satar mini wani ɓangare na hayaƙin, ni kuwa ba zan yi asarar turare mai tsada ba, na ɗauko bahon roba na wanki na kifa a kan kaskon da bakin tiyon gaba ɗaya, na tokare gefe da dutse. Na yi bisimilla, na koma kan miyata ina taku ɗai-ɗai.

Abin da ban sani ba, ranar Baban Nana ya murɗa bantilatar har ƙarshe saboda baƙi. Abin da ban yi tunani ba kuma, roba da garwashi ba sa zaman lafiya.

Muna jiyo liman ya ɗauko addu'a, maza suna amsawa da amin, mu ma muka tsayar da ludayi muka ɗaga hannu. Ana tsakiyar roƙa wa gida albarka, sai amin ɗin ta fara raguwa, tari ya fara yawa. Can sai muryar Shef Agali ta tsaga gidan:

"Wuta! Wuta ya kama! Kowa ƙasa! A bi bango!"

Jama'a, ban taɓa sanin abin da ake koya musu a rami ba sai ranar. Da maƙwabta ne kaɗai da an yi turereniya a ƙofa. Amma waɗannan tsofaffin, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a duƙe, kowa ya toshe hanci da gefen rawani ko hula, hannunsa a kafaɗar na gabansa, sun sa liman a tsakiya kamar amarya. Bayansu hayaƙi ne fari tas yana tuɗaɗowa ta ƙofa. Wani ya ruga ya kashe kuran da bantilatar. Shef ya jera su a rana ƙafa ba takalmi, yana ƙirga kawuna, su kuwa suna ɗaga ƙafa ɗaya suna sauke ɗaya don ƙasar kamar tanda take.

Mata suka sa salati. Yaya Hajo ta ɗora hannu a ka tana "Na faɗa! Na faɗa wa yaron nan!" Ni kuwa ludayi na hannuna, na daskare. Tun tarin farko jikina ya ba ni.

"Warin waya ne," in ji wani. "Roba ce ke ci."

"Daga ƙasa yake fitowa, ta kafofin nan. Wutar tana cikin tiyo."

"Ai dama. Wa ya taɓa binne iska?"

Shef ya ce a kawo diga a fasa tiyon daga tsakiya, a ɗura ruwa. Wani ya zaro salula zai kira ƴan kashe gobara. Gidan ƙasa fa! In suka sakar masa ruwan mesa, ai sai dai mu kwashe shi a baho. Na dubi Baban Nana. Yana tsaye a bakin ƙofar salo, idonsa ya yi ja da hayaƙi, yana cewa, "Babu waya a cikin tiyon nan, wallahi babu abin da zai kama," amma ba mai sauraronsa, kuma na ji a muryarsa shi ma ya fara shakkar kansa. Ga wani maƙwabci ya shigo da diga a kafaɗa.

Allah ya gani, na yi tunanin in zagaya in janye kaskon a ɓoye, in bar abin ya zama ikon Allah. Shaiɗan ya ba ni wannan shawara, kuma ta yi mini kyau ƙwarai. Amma da na yi haka, har abada za a ce gidan Baban Nana ne ya kama da wuta ranar walima. Na yi a'uziyya, na ja mayafi, na ruga ƙuryar arewa. Bahon ya narke ta gefe ɗaya, ya lanƙwashe ya manne da bakin kaskon. Na naɗe hannu da tsumma na sungumo su tare, na taho.

Haka na ratso tsakiyar maza, ni da ko gaisuwa daga bayan labule nake yi, ɗauke da narkakken bahon wanki yana hayaƙi, ludayi a hammata. Na dire a gaban liman. Muryata ta fito ƴar siririya kamar ta ɗan tsako.

"Malam, a yi haƙuri. Ba gobara ba ce. Turare ne na sa."

Mai diga ya sauke digarsa a hankali. Shef Agali ya matso, ya janye rawani daga hanci, ya sunkuya ya shaƙa.

"Madam," ya ce, "kai ne ka sa wannan a bakin tiyo?"

"Ni ce, Baba."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Liman ne ya fara dariya. Ya yi ƙoƙari, bawan Allah, ya rufe baki da carbi, amma kafaɗunsa suka tona shi. Daga nan wurin ya ɓarke. Tsofaffi suna riƙe ciki suna tsalle a ƙasa mai zafi, Yaya Hajo ta zauna daɓas a kan turmi tana share hawaye tana cewa, "Ni turara salo na ce, amarya, ban ce ki turara Arlit ba!" (Ba ta ma ce in turara komai ba, amma ranar ba ni da bakin gardama.) Na saci kallon Baban Nana ina jiran hukunci. Sai na ga ya jingina da bangonsa yana dariya har da shessheƙa, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin mu bar gidan kamfani.

Aka mayar da kuran, aka kunna bantilatar ya tashi. Sai Shef ya ɗaga hannu ya ce kowa ya dubi sama. Hayaƙin da ya cika salo yana fita ta kafar tulluwa, a miƙe, siriri, kamar ana jan zare. Ya leƙa ta ƙofa ya ga yadda yake tashi daga gindin bango yana hawa, bai maƙale a ko wace kusurwa ba. Kafin a gama neman takalma ɗakin ya washe. Ya juyo ya dubi maigidana, sannan ya dube ni.

"Mu ma a rami da hayaƙi muke gwada hanyar iska," ya ce. "Amma kaɗan muke sawa, Madam. Kaɗan."

Rana ta gasa su son ranta a tsayuwar nan, don haka da suka koma ciki sai ka ji ana "Alhamdu lillahi" daga kowane gefe, kowa yana neman kusa da kafar iska ya miƙe ƙafa. Ba wanda ya sake ambaton kilim. Liman ya sake addu'ar daga farko, ya ƙara da roƙon Allah ya tsare gidan daga wuta, ta waje da ta cikin gida, aka amsa da wata amin mai ƙarfi da na jiyo har madafa, inda na ɓuya a bayan buhun gawayi. La'asar ta yi baƙi ba su da niyyar tashi, har sai da na sake ɗora tukunya. Shef ma kafin ya tafi ya ja Baban Nana gefe yana tambayar zurfin ramin.

Tiyon kuwa ya riƙe turaren nan ya ƙi saki. Har aka yi sallar layya gidanmu yana ƙamshin ɗakin amarya da ɗan ɗanɗanon baho.

Washegari Baban Nana ya yi sammako. Ya tafi wurin mai walda, ya dawo da wani keji na ƙarfe ya kafa a bakin tiyon, ya sa kwaɗo. Makullin ɗakin ajiya yana hannuna, na akwatinsa ma yana hannuna, amma wannan ɗaya a aljihunsa yake kwana, kuma ban taɓa tambaya ba. Abin da na koya shi ne, in wata dabara ta faɗo mini ranar da gida ya cika da baƙi, har na ji ina mamakin yadda ba wanda ya taɓa tunaninta, to in nemi wuri in zauna, in sha ruwa, in jira ta wuce.