Masu Gadin Intanet Ne Ke Sha Mana Data

Ranar Talata da hantsi na dawo daga layin mai, babur a ture saboda man ya ƙare kafin layi ya iso kaina, sai na tarar da ɗiyata Ikilima a tsakar gida kamar za ta yi kuka. Tana da jarrabawar jami'a da ake yi ta intanet, shafin kuwa sai juyawa yake ya ƙi buɗewa.

"Baba, wani yana hawa mana rauta," in ji ta.

Rauta, jama'a, ita ce 'yar akwatin nan da ke raba intanet a gida. Na saye ta ne don karatun Ikilima, da kuma mahaifiyarta Adawiyya mai tallan atamfa a waya. Ikilima ta sa muka kashe wayoyinmu duka, amma fitilar rauta ba ta daina ƙyaftawa ba. Ta kunna tata wayar, ta shiga shafin rautar, ta ga baƙin wayoyi cike, har da wata kwamfuta.

Na tuna labarin masu kutse da ke dasa wa mutum muguwar manhaja, su kwashe hotunan iyalinsa su yashe masa asusu. Adawiyya kuwa lambobin kwastomominta take jimami.

Maƙwabcina Malam Muntaka ya leƙo ta kan katanga. "Lafiya, Malam? Ai ku kun fi kowa tsaro. Ba ofishin Kwamitin Kare Talaka Daga Kutse ne a bayan gidanka ba?"

Gaskiyarsa. Wani Ranka-ya-daɗe, Garkuwan Intanet, Allah ya ƙara masa tumbi, shi ya kafa kwamitin, shi ne kuma Shugaba. An ƙaddamar da shi a Dutse, an sake ƙaddamarwa a Jahun, an yanka ƙyalle, an ci kaji. Bara ma sun bi gida-gida wai duba lafiyar rauta kyauta. Sakatarensu, mai babbar riga da ƙamshin turare, ya karɓi kalmar sirrinmu ya sa a wayarsa don ya gwada ƙarfinta. Ya ce tana da ƙarfi sosai, kada mu kuskura mu canza.

Ikilima dai ba ta tsaya jin tarihi ba. Ta canza kalmar sirri, ta kori baƙin wayoyin, ta binciki namu da manhajar kama bairos, ba ta sami komai ba. Nan take shafin jarrabawa ya buɗe, ta zauna ta fara.

Ban gama shan ruwa ba sai ga sallama. Sakatare ne, gumi na tsiyaya daga hularsa.

"Malam, netwok ɗinku lafiya kuwa? Namu ya ɗauke yanzun nan."

"Ranka ya daɗe, namu ƙalau. Ina ruwan naku da namu?"

Ya yi gyaran murya. "Wato Shugaba na tsakiyar taro ta bidiyo da baƙi daga waje, a kan yadda za a hana satar intanet. Da za ka taimaka da sabuwar kalmar, don kishin jiha."

"To naku da aka saya fa? Mun ji a rediyo."

"Yana kan hanya."

Adawiyya ta amsa daga ɗaki: "Ka gaida Shugaba, ka ce namu ma yana kan hanya!"

Ya juya yana shure ƙasa. Sai a lokacin na gane dalilin da masinjojinsu ke jera kujeru jikin katangata kullum. Ni a zatona inuwar darbejiya suke bi.

Ku ji hazaƙa irin ta manya. Jiya aka sanar cewa wasu miyagu sun kai wa kwamitin mummunan harin intanet, sun katse masa sadarwa. An yaba wa Shugaba bisa jarumtar da ya nuna, an kafa ƙaramin kwamitin bincike, kuma mambobinsa za su fara tafiya ƙasar waje su koyo dabarun kama mai laifi. Madalla da wannan hangen nesa!

Malam Muntaka ya tare ni bayan la'asar, murya ƙasa-ƙasa. "Malam, kai fa ake nema. Ba ka tsoron su gano ka?"

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Da wane intanet ɗin za su nemo ni?