Wayar Baba Ta Fi Balki Iya Lissafi

Ba zan taɓa mantawa da abin da na jawo wa ɗiyata Balki a gaban jama'ar Madarunfa ba. Tana aji uku a lakwal, wato makarantar boko, lokacin, an fara koya musu ninkawa. Malamarsu, Madam Zainabu, ta ce iyaye su riƙa zama da yara suna duba amsa tare. Ni kuwa mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, ina dawowa gida a gajiye. Sai na samo dabara (a lokacin har yabon kaina nake yi). Balki ta karanto tambaya, in latsa waya, in faɗa mata, ta rubuta. Kafin tuwo ya huce mun gama.

Aikin gidanta kullum babu kuskure. Balki kuma yarinya ce mai kunya, ba ta cika magana a aji ba, sai Madam ta ɗauka shirun masu ilimi ne. Da aka shirya gasar lissafi da yaran Safo da na Gabi, aka sa sunanta.

Ya kamata in je in faɗi gaskiya. Maimakon haka sai na ba da babbar rigata aka goge, na gayyato abokan sana'a, har da surukina Alhaji. Da safe Balki ta riƙe mini hannu ta ce, "Baba, cikina ke ciwo." Na ce, "Haba, ɗiyar gwani gwana ce, mu tafi." (Wane gwani?)

Aka kira ta tsakiyar fili. Mushe, wato malamin da ke tambaya, ya ce, "Bakwai sau takwas?"

Balki ta sunkuyar da kai. Ya sake maimaitawa. Na ga ta ɗago tana neman fuskata cikin taro. Da ta hango ni, sai ta miƙo hannu, ta ce da muryar da kowa ya ji:

"Baba, latso mini."

Wuri ya fashe da dariya. Wani abokina ya ce, "Ashe wayar ya kamata a sa a gasar!" Alhaji ya juyo ya dube ni, ya gyara hularsa. Na so ƙasa ta tsage. Amma nawa mai sauƙi ne. Balki ce ke tsaye ita kaɗai tana hawaye, yara na nuna ta.

Bayan an watse Madam ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗebo tsakuwa ta jera layi bakwai, kowane da takwas, ta sa Balki ta ƙirga. Sannan ta zagaya da ita ɗaya gefen, ta sake ƙirgawa, amsa ta fito iri ɗaya. Ta ce, "Malam, wannan kaɗai na roƙe ku."

Balki ta yi kwanaki ba ta son zuwa lakwal, kuma har shekara ta ƙare yara na kiranta "Latso". Yanzu ta iya lissafinta sarai, sai dai wurin uwarta take kai aikin gida. In na faɗi amsa ina wucewa, sai ta duba da kanta tukuna. Ban ga laifinta ba. Na gane cewa uba na iya yi wa ɗansa komai, ban da tsayawa a tsakiyar fili a madadinsa.