Mutum Ɗari Sun Gamsu

Idan ana lissafin mutanen da Allah Ya yi wa Dutse baiwa da su, Ɗayyabu ba ya wuce na uku, shi ma don tawali'unsa ne. Kwas ɗin sati biyu ya yi a Kano kan dabarun tallata abinci, ya dawo da takardar shaida mai bakin zinare da tabarau wanda ba na ciwon ido ba. Tun daga ranar bai ƙara cewa "ina ganin" ba, sai dai "alƙaluma sun nuna". Ko ruwa zai sha, alƙaluma ne suka nuna yana jin ƙishirwa. Mutanen unguwar Yalwawa suka laƙa masa Malam Alƙaluma, ya karɓa hannu biyu kamar naɗin sarauta.

Wadda ta fara cin moriyar ilimin ita ce yayarsa, Adda Kubura, mai tuwo a shagon ƙofar gidanta. Shekara goma sha tara tana tuƙi, ba ta san ashe a kan kuskure take ba. Direbobi, ma'aikata, manoman Aujara da suka shigo gari, kowa ya zo ya baje a tabarma, ya ci, ya miƙa kwano a ƙara masa miya. Wurin ko suna ba shi da shi. "Wajen Adda" kawai ake cewa.

"Adda, wannan ba kasuwanci ba ne, ciyarwa ce," in ji Ɗayyabu. "Mutumin zamani da ido yake cin abinci. Ba ni wata uku ki ga aiki."

Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ba ta taɓa iya ce masa a'a ba. Ta ba shi.

Aka naɗe tabarmi, aka kawo dogayen kujerun da ƙafa ba ta taɓa ƙasa a kansu. Aka kafa allo mai sunan Turanci kalma huɗu, wanda ita mai wurin ba ta iya faɗa. Malmalar tuwo ta koma 'yan dunƙule uku kamar ƙwan zabo, miya a gefe kamar an ɗiga maganin ido. Aka soke ƙarin miya. Aka sallami daddawa daga aiki, domin warinta ba ya tafiya da zamani. Kowane faranti kuma sai an kai shi bakin taga an ɗauke shi hoto, kafin ya iso ga mai shi ya huce sarai.

Shi kansa bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ƙwararre, a cewarsa, ba ya cin abin da yake tallatawa, kada son rai ya shiga bincike. A wajen mai shayi yake cin nasa.

Binciken ma da kansa ya yi shi. Yakan tsaya a kan mai cin abinci, takarda a hannu, ya tambaye shi yaya ya ji. To, wane ɗan mutunci ne zai kushe abinci, a gaban ƙanen mai abincin, ita kuma tana leƙowa daga madafa?

"Alhamdulillah," in ji direba.

"Alhamdulillah," in ji Modibbo Barau, wani dattijo daga Aujara, ƙafafunsa na reto. "Allah Ya ƙara rufa asiri."

Ɗayyabu ya rubuta: ya gamsu ƙwarai. Mutum ɗari ya tambaya, ɗarin nan duk suka gamsu. Malaminsa na Kano ma bai taɓa wuce saba'in ba.

Abu ɗaya ne ya rage: waɗanda suka gamsu ba sa dawowa. Wata na biyu, kujeru goma sha biyu suna kallon juna. Adda takan juye wa awaki tuwon da ya kwana, su ma su shinshina su ɗaga kai. Ta rame. Ɗayyabu ya kwantar mata da hankali: hoton jiya kaɗai mutum dubu suka gani a waya.

"Sun ƙoshi?" ta tambaya.

Wata Laraba da azahar ya lura da babura jere a lungun bayan gida. Nan take ya gane: abokin hamayya ya buɗe. Ya gyara tabarau ya bi sawu, warin daddawa na yi masa jagora, har ƙofar baya ta gidan yayarsa. A tsakar gida ga tsoffin tabarmi, ga mutum kusan talatin, kowa hannu dumu-dumu. Rabinsu suna cikin takardarsa.

"Adda! Mene ne wannan?"

"Abincin gida ne, Ɗayyabu. Gaisuwa suka shigo."

"Amma mutanen nan sun gamsu! A rubuce yake! Ɗari bisa ɗari!"

Adda ta goge hannu da gefen zane, ta shiga shago, ta fito da farantin zamani, ƙwan zabo uku da ɗigon miya, har an ɗauke shi hoto.

"Zauna, ɗan'uwana. Kai kaɗai ba a tambaya ba."

Ya zauna, don idanu sun yi yawa. Ya kai loma. Sanyi ƙalau, ba ƙamshi, ba komai, kamar mutum na tauna katifa. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ta ƙi wucewa. Matar da ta goye shi tana tsaye a kansa.

"Yaya ka ji?"

Ya haɗiye da ƙyar, idonsa ya kawo ruwa a bayan tabarau.

"Alhamdulillah," ya ce.

"Madalla," in ji Adda, ta miƙa masa bironsa. "Rubuta. Kun zama ɗari da ɗaya."