Mun Yi Wa Gwangwaninku Rumfa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Hasashen Yanayi da Lura da Teku, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali da ma'aikata da na'urori duk suna lafiya. Sunana Sajo, manomi mai 'yan shanu a yankin Durun, ƙaramar hukumar Kabo. Ƙorafi na kawo, amma cikin ladabi.

Na ɗaya. Shekarun baya yaranku sun zo da mota, suka kafa wani gwangwani mai bakin mazurari a bayan makarantar firamare, suka ce kayan gwamnati ne, mu kula da shi sosai. Ba su faɗi amfaninsa ba, ko ruwa ba su tsaya sun sha ba. To mu mutane ne masu kunya. Da hadari ya fara haɗowa muka ga bai dace kayan gwamnati ya kwana a ruwa ba, sai muka yi gayya muka yi masa rumfar kwano. Ni na ba da azara. Ranka ya daɗe, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Na biyu. Ma'aikacin da kuka ɗora wa duba gwangwanin a Gwarzo yake zaune. Yakan bugo waya ya tambaya ko akwai wani abu a ciki, mu kuwa mu faɗa masa gaskiya, babu. Ko an yi ruwa, wannan bai taɓa tambaya ba.

Na uku. Kwatsam muka ji a rediyo wai bincikenku ya nuna fari ya addabi yankinmu. A kan turmi nake tsaye na saurari labarin, don ruwa ya cika tsakar gida. Bisa wannan bincike aka soke kwalbatin da aka yi mana alkawari a rafi, aka aiko mana da tankin ruwa. Mun gode ƙwarai. Ambaliya ta tafi da shi.

Na huɗu. Mun ji daga ofis kuke sanin hawan teku da saukarsa, madalla. Ashe wanda ya iya da teku, rafinmu ne zai gagare shi? Matata Hajjo da ƙwaryar nono a ka take ƙetare shi zuwa kasuwa, ruwa iya ƙirji. Bara ruwan ya ja ta, da ƙyar aka kamo ta. A nan kam ba wasa nake ba, tsoro nake ji.

Sai kwanan nan Malam Badaruddeen, sabon malamin makarantar, ya bayyana mana aikin gwangwanin, bayan ya gama dariya. Ashe na auna ruwan sama ne. Mun so cire rumfar, mai unguwa ya ce ba a taɓa abin da ya shafi gwamnati sai da izini.

Don haka muna roƙon a maido mana da kwalbati, a kuma turo mutum ya ba da izinin da bakinsa. Ya zo a watan Agusta, ya bar mota a bakin rafi ya ƙetaro da ƙafarsa. In ya iso, sai ya auna farin a jikin rigarsa.

Naka mai biyayya, rani da damina,
Sajo,
a madadin waɗanda suka yi rumfar.